RAN JARIRI AMANA CE: JAN HANKALI A KAN ƘURAJEN LEƁE DA SARƘEWAR NUMFASHI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake fitar da jariri daga duhun mahaifa zuwa hasken duniya, Ya buɗe masa huhun da bai taɓa shaƙar iska ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, mas'alar da muke son mu ja hankalin 'yan'uwa a kanta a wannan wata, mas'ala ce da ba a saba jin ta a kan mumbari ba, ba a kuma cika kawo ta a zaurukan karatu ba, alhali kuwa ta shafi ɗaya daga cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka tabbatar shari'a ta zo domin ta kare su, wato rai. Muna magana ne a kan ran jariri sabon haihuwa, da wata cuta da kan shige shi ta hannun mutanen da suka fi kowa ƙaunarsa, da kuma sarƙewar numfashi, wadda sau da yawa ita ce alamar da ake fara gani, ita ce kuma wadda aka fi rainawa.

GIRMAN AL'AMARIN

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda a duniya. Da aka sake binciken a tsakanin 2023 da 2024 sai aka samu adadin ya kai 41, wato kusan jariri ɗaya cikin kowane 25. Manyan sabubban wannan asara kuwa uku ne: haihuwar bakwaini, da shaƙewa a lokacin haihuwa, da cututtukan da kan shiga jini ko huhu. Duk ukun nan sukan bayyana a numfashi.

A nan jihar Sakkwato mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta. Ke nan idon da zai fara ganin jariri ya canza idon kaka ne, ko ungozoma, ko maƙwabciya, izinin fita da kuɗin mota kuma suna hannun maigida. Saboda haka ilmin da zai ceci jariri, da izinin Allah, wajibi ne ya sauka cikin gidaje, ya kuma isa ga maza kamar yadda zai isa ga mata.

MECE CE WANNAN CUTA?

Kowa daga cikinmu ya san ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a gefen leɓe bayan an yi zazzaɓi, su yi ƙaiƙayi da raɗaɗi, su fashe, su bushe cikin mako ɗaya ko biyu. Mutane kan ce ai zazzaɓin ne ya fito, a yi wa mai su barka. Likitoci suna kiran ƙwayar cutar da ke haddasa su hapis, kuma nau'i biyu ce. Nau'i na farko ya fi zama a baki, ana ɗaukarsa ta yawu da sumba, galibi tun ana yara. Nau'i na biyu ya fi zama a al'aura, ana ɗaukarsa ta hanyar saduwa. Kowane daga cikinsu kuma yana iya bayyana a wurin ɗaya. Idan ƙwayar ta shiga jiki ba ta fita, sai ta laɓe a cikin jijiyoyi, ta riƙa taso wa mutum idan ya yi zazzaɓi, ko ya gaji, ko rana ta dake shi. Tana kuma iya fita cikin yawu ko da babu ƙurjin da ake gani, ko da yake haɗarin ya fi girma a lokacin da ƙurajen suke ɗanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutane biliyan 3 da miliyan 800 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, suna ɗauke da nau'in farko. A jikin babban mutum mai lafiya abin ba ya wuce 'yar damuwa ta 'yan kwanaki. Amma jariri garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, musamman a makonni shida na farko, don haka abin da ya tsaya wa babba a leɓe, shi yana iya ratsa masa jini. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya nuna jarirai kimanin 14,000 ke kamuwa da ita a duniya kowace shekara, wato kamar 10 cikin kowace haihuwa 100,000. Adadin bai kai na zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ba, amma kimanin 60 cikin 100 na jariran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, da yawa daga cikin waɗanda suka rayu kuma kan tashi da taɓuwar ƙwaƙwalwa ko raunin gani.

Hanyoyin kamuwar jariri uku ne. Kimanin 85 cikin 100 suna ɗauka a lokacin fitowa, idan ƙwayar tana cikin hanyar haihuwa. Kimanin 10 cikin 100 suna ɗauka bayan haihuwa, ta sumba, ko yawu, ko yatsan da ke da ƙurji. Sauran kuma tun suna ciki. Haɗarin ya fi tsanani ga matar da ta kamu karon farko a watannin ƙarshe na cikinta, domin jikinta bai samu lokacin haɗa garkuwar da za ta miƙa wa abin da ke cikinta ba. Wadda ta daɗe da cutar kuwa haɗarinta kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawan uwayen jariran da suka kamu ba su ma taɓa sanin suna ɗauke da ita ba.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Cutar tana zuwa wa jariri ta fuska uku. Akwai wadda ke tsayawa a fata da ido da baki, inda za a ga ƙuraje masu ruwa sun taru wuri guda, ko ido ya yi ja yana tsiyaya. Akwai wadda ke hawa ƙwaƙwalwa, galibi a mako na biyu ko na uku, ta zo da jijjiga da barci mai nauyi da ƙin kama nono. Akwai kuma wadda ke bazuwa cikin jiki ta kama hanta da huhu, wadda ta fi bayyana a wajen kwana na 10 zuwa na 12, ita ce kuma mafi muni. A nan ne numfashi ke sarƙewa. Abin tsoro shi ne jarirai da yawa masu wannan nau'i ba a ganin ƙurji ko ɗaya a jikinsu, don haka wanda ya ce zai jira sai ya ga ƙuraje ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Jariri mai lafiya yana numfashi tsakanin sau 30 zuwa 60 a minti guda. Kowa zai iya ƙirgawa da agogon wayarsa: a buɗe masa ƙirji yana kwance ba ya kuka, a ƙirga tashin cikinsa har minti ya cika. Idan ya kai 60 ko ya wuce, aka sake ƙirgawa aka samu haka, to akwai matsala. Haka nan idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sosai duk lokacin da ya ja numfashi, ko yana nishi duk lokacin da ya fitar, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa, ko leɓe da harshe sun yi shuɗi-shuɗi, ko numfashin yana ɗaukewa ya dawo. A haɗa da zafin jiki, ko sanyin jiki fiye da ƙima, ko ƙin nono, ko rashin motsi sai an taɓa shi. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a ɗauki jariri zuwa asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ba a gida ake tantance ko hapis ce, ko ciwon huhu ne, ko cutar jini ce ba. Aikin gida shi ne a gane alama a tashi.

Allah da ikonSa Ya hore magani. Sunansa asiklobir, ana ba jariri ta jijiya har kwana 14 idan cutar ta tsaya a fata, ko kwana 21 idan ta shiga ƙwaƙwalwa ko ta bazu, sannan a ci gaba da na sha har wata 6. Kafin a same shi, kimanin 85 cikin 100 na jariran da cutar ta bazu a jikinsu ba sa rayuwa. Da aka riƙa ba da shi yadda ya kamata sai adadin ya sauko zuwa kimanin 30. Amfaninsa yana ga fara shi da wuri. Magungunan antibayotik da ake saye a kemis ba sa taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan, man shafawa ma ba ya isar wa jariri. A cikin birnin nan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai sashe na musamman na kula da jarirai, akwai Asibitin Ƙwararru, akwai kuma Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Mazaunin birni ba shi da uzurin nisa.

MAKON SUNA, SUMBA, TAHNIKI DA TOFI

A nan ne mas'alar ta taɓa mu kai tsaye. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna ɗakin mai jego ba ya rabuwa da 'yan barka. Jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta sumbace shi, waccan ta shafa masa kumatu, wani ya yi addu'a ya tofa masa a fuska, ga hayaƙin turaren wuta ya cika ɗaki an rufe taga. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma kyawon niyya ba ya hana ƙwayar cuta wucewa.

Sumbatar yara sunna ce tabbatacciya. Manzon Allah (S.A.W.) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, ya kuma nuna masa cewa rashin yin haka rashin jinƙai ne. To illar hukuncin ita ce jinƙai. Wanda yake da ƙurji ɗanye a leɓe, ko mura, ko tari, jinƙansa ga jariri shi ne ya tsaya daga nesa ya yi masa addu'a. Masu lafiya ma su wanke hannu da sabulu kafin su ɗauke shi, su kuma bar masa baki da ido da hanci.

Tahniki ma ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim. An kai wa Manzon Allah (S.A.W.) Abdullahi ɗan Zubairu, da Abdullahi ɗan Abu Ɗalha (R.A.), ya tauna dabino ya shafa musu a ganɗa. Imam Nawawi ya hakaito haɗuwar malamai a kan mustahabbancinsa, da dabino ko da wani abu mai zaƙi makamancinsa. Wasu malamai kuma suna ganin neman albarka da yawu abu ne da ya keɓanta da Annabi (S.A.W.), ba a ƙiyasta wani da shi. Ko da wace magana mutum ya yi riƙo, tahniki mustahabbi ne, kare rai kuwa wajibi ne, ba a kuma salwantar da wajibi domin a samu mustahabbi. Ra'ayinmu shi ne wanda zai yi tahniki ya wanke hannunsa, ya murje ɗan dabino mai laushi da yatsa, ya shafa kaɗan, ba tare da ya sa shi a bakinsa ba. Kada kuma a musanya dabino da zuma, domin likitoci sun hana ba yaron da bai shekara ba zuma, saboda wata ƙwaya da ke iya kasancewa a cikinta mai shanye jijiyoyin numfashi. Addu'a kuwa ba ta buƙatar yawu ya sauka a fuskar jariri kafin Allah Ya karɓa.

Wannan ba zato ba ne kawai. A birnin Niyu Yok na Amurka, Cibiyar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoto a 2012 cewa tsakanin 2000 da 2011 jarirai 11 sun kamu da hapis bayan wata al'adar kaciya da wasu daga cikin Yahudawan birnin ke yi, inda mai kaciya ke tsotse jinin raunin da bakinsa. Biyu daga cikinsu sun rasu. Darasin da ke ciki namu ne mu duka: yawun babba da raunin jariri ba sa haɗuwa lafiya. Wannan ya isa ya sa mu sake duba aikin wanzami a makon suna, musamman cire beli da tsaga, waɗanda ba su da asali a shari'a, suna kuma buɗe wa cuta ƙofa, ban da zubar jini da shaƙewar da cire beli kan jawo.

SHUBUHOHI BIYU

Wani zai ce ai hadisi ya kore harbin cuta. Amsa ita ce wanda ya faɗi wancan shi ne kuma ya hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, shi ne ya aika wa kuturun da ke cikin tawagar Saƙifu cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Malamai irin su Ibnus Salah sun haɗa hadisan da cewa cuta ba ta harbi da ikon kanta, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Da wannan fahimta Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga Sargu a kan hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa Abu Ubaida (R.A.) cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce.

Wani kuma zai ce jaririn da ke jijjiga ko haki iska ce ta taɓa shi, ko maye, ko baki, don haka sai a fara da hayaƙi da rubutu da jiƙo. Ruƙya ta shari'a gaskiya ce, kuma babu abin da ya hana a yi ta a cikin mota ana tafiya, ko a bakin gadon asibiti. Amma turara wa mai sarƙewar numfashi hayaƙi, ko ɗura masa ruwa a baki alhali ba ya iya haɗiya, ƙara masa wahala ne. Wanda ya ga alama ƙarara, yana da halin kai ɗansa asibiti, ya zauna har kwana biyu, to ya shirya amsar da zai bayar a kan kiwon da aka ba shi.

KUNYA DA ZARGI

Kaso mafi girma na kamuwa, kamar yadda ya gabata, a wajen haihuwa yake, kuma abin da ke hana a kare shi kunya ce da tsoron zargi. Mace za ta ga ƙuraje masu raɗaɗi a gabanta tana da tsohon ciki, ta yi shiru, don kada miji ko dangin miji su ɗora mata magana. Alhali da ta gaya wa ma'aikaciyar awo, da an ba ta maganin sha a makonnin ƙarshe, idan kuma naƙuda ta zo ƙurajen suna nan a yi mata aiki a ciro jaririn ba tare da ya bi ta wurin ba. Matan Ansar an yabe su ne da cewa kunya ba ta hana su tambaya a kan abin da ya shafe su ba.

Muna gargaɗin 'yan'uwa da babbar murya cewa bayyanar wannan cuta ba hujja ba ce ta alfasha. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba. Tana iya zuwa daga auren da ya gabata, na mijin ko na matar, tana iya kuma kasancewa nau'in baki ne ya sauka. Jifan mumina da zargi a kan ƙurji ƙazafi ne, ko hanyar zuwa gare shi, kuma an san matsayin ƙazafi a cikin manyan zunubai. Nauyin da ke kan maigida ya ma fi: idan shi ne yake ganin ƙuraje a gabansa ko a leɓensa, ya nemi magani, ya kuma ƙaurace wa shimfiɗar matarsa mai ciki a wannan hali, musamman a watanni uku na ƙarshe, domin kamuwarta karon farko a wannan lokaci shi ne mafi haɗari ga ɗansa. Mai jegon da ƙurji ya fito wa a leɓe kuwa ta ci gaba da shayarwa, ta rufe wurin, ta yawaita wanke hannu, sai fa idan ƙurjin a kan nonon yake, to ta nemi shawarar likita kafin ta ba shi wannan ɓangaren.

KIRANMU

Mu a Sakkwato ba baƙi ba ne ga haɗa ilmin addini da na jiki. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki tare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir da sauransu, kuma da Baturen nan Kilafatan ya ziyarce shi a 1824, yana daga cikin abin da ya nema a aiko masa da likita. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. A zamaninmu ma, a 2013 jihar nan ce ta fara a Nijeriya wajen raba maganin shafa wa cibiya na kulohezidin ga masu haihuwa a gida, kuma sarakuna da malamai sun taimaka wajen karɓuwarsa. Abin da aka yi wa cibiya ana iya yi wa numfashi.

Saboda haka muna kira ga malamai da limamai su sanya alamomin haɗari na jarirai cikin wa'azin walimar suna, inda maza ke taruwa da safe. Muna kira ga malaman makarantun Islamiyya na matan aure su koyar da ƙirga numfashi kamar yadda suke koyar da hukuncin jinin biƙi, su kuma gayyato ma'aikatan lafiya mata su yi bayani. Muna kira ga magidanta su bar izini a buɗe tun kafin haihuwa, cewa duk sa'ar da aka ga alama a tafi ko ba sa gida, su ajiye kuɗin mota kafin kuɗin rago, su kuma tabbatar an duba jariri da uwarsa a yinin farko, da kwana na 3, da cikin mako na biyu, da wajen arba'in. Muna kira ga iyayenmu mata, kakanni da ungozomomi, su zama masu tsaron ƙofar ɗakin jego, su rage cunkoso da hayaƙi, kada kuma wanda aka ce ya wanke hannu ko ya dakata da sumba ya ɗauke shi raini. Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin lafiya na jiha da na tarayya su tabbatar da samuwar allurar asiklobir da iskar oksijin a sassan jarirai a farashin da talaka zai iya, domin wa'azi yana kai mutum ƙofar asibiti ne, abin da ke bayan ƙofar kuma amanar masu mulki ce.

Allah Ya raya mana zuriyarmu a kan Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya jariran da suka riga mu su zama masu ceton iyayensu, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Allah ne Mafi sani.